Filin Tambaya da Amsa: Disjonktar da Makunnin Lodi, Kowa da Aikinsa

Tun da bazara ta kama, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sun karkata ga abu guda, wato akwatin nan na disjonktar, makunnan da ke yanke wuta da kansu, wanda ke manne a bango kusa da kontar, wanda yawancinmu ba mu waiwayarsa sai ranar da gidanmu ya yi duhu alhali na maƙwabta yana haske. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na taƙaita tambayoyin saboda wuri. Ta farko ce zan fi daɗewa a kanta, domin wanda ya fahimci amsarta, sauran ba za su yi masa wuya ba.

Tambaya daga wata uwargida, unguwar Bukoki, Yamai: Malam, barka da aiki. Ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo a gida, ina da firiza biyu. Tun shigowar zafi, kusan kullum bayan azahar sai disjonktar ɗaya ya faɗi, musamman idan an kunna kilim ɗin ɗakin maigida yara kuma suna guga. Wani yaro mai gyaran wuta ya duba ya ce na ampar 16 ne, ya yi ƙanƙanta, in ba shi kuɗi ya sa mini na 32 in huta. Shin in yarda?

Amsa: Hajiya, Allah Ya sa albarka a sana'a. Kada ki yarda da wannan shawara, ko da kyauta zai yi miki aikin. Mutane da yawa suna zaton an sa disjonktar ne don ya kare firiza ko talabijin, wasu kuma suna ɗaukarsa kamar takura ce da aka yi musu. Ainihin abin da yake gadi shi ne wayar da ke binne a cikin bangon ɗakinki, wadda ba kya ganinta. Duk wayar da kuran ke bi ta cikinta tana ɗaukar zafi, kuma zafin ba daidai da kuran yake ƙaruwa ba: idan kuran ya ninka sau biyu, zafin yakan ninka sau huɗu. Saboda haka ne ake zaɓen lambar disjonktar, wato yawan ampar na kuran da zai bari ya wuce, bisa kaurin waya. Ƙa'idar Faransa mai suna NF C 15-100, wadda masu aikin wuta a ƙasashenmu suke yawan koyi da ita, ta ce waya ta jan ƙarfe mai kaurin 1.5 kada a wuce mata ampar 16, mai 2.5 ampar 20, sai mai kaurin 6 ce ake ba ampar 32. Idan wayarki mai 1.5 ce ko 2.5 aka ɗora mata na 32, to an ba ta izinin ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, robar jikinta za ta riƙa dahuwa a hankali har ta bushe ta tsage, kuma a irin wannan hali ne gobara take tashi da tsakar dare mutane na barci.

Bari mu yi lissafi tare. Wutar gidajenmu bolt 220 ce, saboda haka ampar 16 yana ɗaukar kimanin wat 3,500. A ƙiyasi, kilim na ɗaki ɗaya yakan ci wat 1,300, dutsen guga na zamani yakan kai 2,000, firiza biyu su ci 600, fanka da talabijin su ƙara 300. Jimla wat 4,200 ke nan, wato kusan ampar 19. Ainihin lambobin suna rubuce a jikin kowane kaya, ki duba ki haɗa da kanki. Abin lura shi ne ampar 19 bai isa ya kayar da disjonktar nan take ba. A cikinsa akwai wani ɗan siririn falle da aka yi da ƙarfe iri biyu manne da juna, ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa idan ya ji zafi. Yayin da kuran ya yi yawa, fallen yakan ɗumama ya riƙa lanƙwasa sannu a hankali har ya ture kunamar da ke riƙe da sifirin, hannun ya faɗi. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60898 ta tsara cewa na ampar 16 ya jure kimanin 18 na tsawon awa guda ba tare da faɗuwa ba, amma idan ya kai 23 tilas ya faɗi kafin awar ta cika. Naki yana tsakani, shi ya sa yake jimawa kafin ya faɗi.

Dalilin da ya sa abin ya fi faruwa bayan azahar kuwa, masana'antu suna daidaita wannan falle ne a zafin digiri 30, mu kuma a Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura 40 a inuwa, balle a cikin akwatin da ke jikin bangon da rana ta wuni tana duka. Fallen ya riga ya yi rabin tafiya tun kafin a kunna komai. Kada a ɗauki wannan a matsayin aibu, domin wayar da ke cikin bangon ita ma a cikin wannan zafin take, kuma abin da za ta iya ɗauka ya ragu. Ga kuma wani ƙari: a lokutan da kowa ya kunna nasa, ƙarfin wuta yakan sauka ƙasa da 220, injin firiza da na kilim kuma sukan ƙara jan kuran don su cike giɓin.

Akwai hannu na biyu a cikin disjonktar wanda ba ruwansa da jira. Wani naɗin waya ne da ke zama maganaɗisu idan kuran mai yawan gaske ya bi ta cikinsa, kamar lokacin da wayar faz, mai kawo wuta, ta haɗu kai tsaye da ta dawowa, abin da masu aiki ke kira kur-sirki. A nan kuran yakan yi tsalle zuwa ɗaruruwan ampar ko dubbai, maganaɗisun ya fizge kunamar cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Harafin da ke gaban lamba, kamar C16, wannan hannu yake bayani: mai B yana fizga daga ninki 3 zuwa 5 na lambarsa, mai C daga 5 zuwa 10, mai D daga 10 zuwa 20. An bar wannan sarari ne saboda injuna, domin inji yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na kuransa a daƙiƙar da yake tashi. Haɗa waɗannan hannaye biyu a ƙaramin akwati guda, aikin wani Bajamushe ne mai suna Hugo Stotz, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1924. Kafin nan fizibil ake amfani da shi, ƴar wayar da ke narkewa a sake wata. Na taɓa zuwa wani shagon ɗinki da ya ƙone, na tarar an cire wayar fizibil an naɗa mai kauri a madadinta don a daina wahalar sauyawa. Kekunan ɗinki da kayan sallar mutane duk sun tafi, kuma har yau ina tuna fuskar mai shagon. Sa na 32 a kan siririyar waya daidai yake da abin da aka yi a wancan shago.

Daga yadda ya faɗi za ki iya gane abin da yake gaya miki. Idan sai an jima ana amfani sannan ya faɗi, kuma ya ƙi tsayawa sai ya huce, lodi ne ya yi yawa. Idan da an tayar da shi ya sake faɗuwa nan take, wani lokaci har da ƙara, to wayoyi sun haɗu a wani wuri, kuma kada a yi ta tayar da shi da ƙarfi. A cire kaya duka daga firiz, wato ramin bangon da ake soka musu waya, a tayar, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin. Idan kuwa jikinsa na da zafi ko ana jin ƙaurin roba alhali lodin ba shi da yawa, galibi kusar da ke ɗaure waya ce ta yi sako-sako. Maganin matsalarki shi ne a ja wa kilim sabuwar waya mai 2.5 da disjonktar nasa na ampar 20 shi kaɗai, firizoji ma a ba su layinsu, don kada guga ta zama sanadin narkewar ƙanƙararki. Kafin a yi haka, a mayar da guga zuwa safiya.

Tambaya daga wani magidanci, unguwar Talaje, Yamai: Malam, ƴata ta gama wanke tsakar ɗaki, ƙafarta babu takalmi, ta taɓa ƙofar firigo sai wuta ta ja ta. Allah Ya kiyaye, ta samu ta fizge hannunta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, akwatinmu cike yake da disjonktar amma ko ɗaya bai faɗi ba. Sun lalace ne?

Amsa: Ɗan'uwa, mun gode Allah da Ya tsare ta. Kafin komai, a cire wannan firigo daga wuta yau, kada a mayar da shi sai mai gyara ya gano inda kuran ke zuba a jikinsa. Disjonktar ɗinka ba su lalace ba. Abin da ya faru ba ya cikin aikin da aka yi su dominsa. Jikin mutum idan yana da danshi, turjiyarsa ga kuran takan sauka zuwa kimanin om 1,000, wanda ke nufin wutar bolt 220 za ta tura kusan kashi ɗaya cikin biyar na ampar guda ta cikinsa. A wurin disjonktar mai jiran ampar 16, wannan kamar an kunna ƙwan fitila ne, ba zai ko motsa ba. A wurin zuciyar ɗan Adam kuwa ya isa ya kashe. Ana auna haɗarin da miliampar, wato kashi ɗaya cikin dubu na ampar: daga wajen 10 tsokar hannu takan ƙage mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, daga 30 numfashi yakan shiga matsala, idan aka haura haka kuma bugun zuciya ne ke rikicewa.

Na'urar da aka yi don wannan ita ce difaransiyal. Aikinsa ƙidaya ne: yana gwada kuran da ya fita ta wayar faz da wanda ya dawo ta ɗaya wayar, waɗanda a lafiyayyen gida daidai suke ba ragi. Idan wanda ya dawo ya gaza wanda ya fita, to wani ɓangare ya bi wata hanya zuwa ƙasa, ko ta jikin firigo ko ta jikin yarinya, sai ya yanke wuta cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Wanda ke kare rai shi ne mai lamba 30 mA a rubuce. Babban disjonktar da ake sawa kusa da kontar sau da yawa yana da irin wannan ƙidaya, amma galibi ta 500 mA ce, wadda ke taimakawa wajen hana gobara amma ta yi wa jikin mutum yawa ƙwarai.

Abu biyu nake so ka riƙe. Na farko, difaransiyal ya fi amfani idan gida yana da waya ta uku, mai launin kore da rawaya, wadda ke haɗa jikin ƙarfen kaya da sandar da aka kafa a ƙasa. Da firigonka yana da ita, da kuran da ya zuba ya bi ta can, difaransiyal ya faɗi tun kafin kowa ya taɓa. Ƙasarmu ta yashi idan ta bushe da rani ba ta karɓar kuran sosai, saboda haka a kafa sandar da zurfi, a inda danshi ke zama, kuma a auna ta da na'ura, domin ido ba ya nuna ingancinta. Na biyu, akwai difaransiyal iri biyu a kasuwa masu kama da juna. Wanda Faransawa ke kira antaruptar difaransiyal, ko da an rubuta 40 A a jikinsa, wannan lamba tana nufin abin da zai iya ɗauka ne kawai, ba zai faɗi don lodi ya wuce ta ba, don haka tilas a jera masa ƙananan disjonktar a bayansa. Wanda ake kira disjonktar difaransiyal shi ne ya haɗa aikin biyu. Kowannensu yana da ɗan maɓalli mai harafin T. A danna shi sau ɗaya a wata, idan bai faɗi ba a sauya shi, domin ƙurar hunturu da zafi suna sandarar da abin da ke ciki. Kuma a koya wa yara cewa wanda wuta ta riƙe ba a kama shi da hannu, babban makunni ake gudu a kashe.

Tambaya daga wani dattijo mai shagon kayan masarufi, Wadata, Yamai: Malam, tun ƙarancin wutar da aka yi a 2023 na sayi gurup. Idan an ɗauke wuta, yarona yakan kashe babban disjonktar, ya soka wayar gurup a firiz ɗin bango, shago ya haskaka. Wani ya ce mini sai na sayi anbarsar. Tunda disjonktar yana yanke wuta, me anbarsar zai ƙara mini?

Amsa: Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Ba ku kaɗai ba ne, domin tun da Najeriya ta dakatar da ba Nijar wuta a watan Agustan 2023, har zuwa lokacin da aka maido a Maris 2024, gurup ya shiga shaguna da gidaje da yawa, kuma an haɗa da dama daga cikinsu ta wannan hanya da kuka faɗa. Wanda ya ba ku shawara ya yi gaskiya. Tsarin da kuke kai ya rataya ne kacokan a kan tunanin yaro, kuma rana ɗaya tak da zai manta ta isa. Idan ya tayar da gurup bai kashe disjonktar ba, wutarku za ta fita ta kontar ta hau layin unguwa. Taransifoma kuma ba ta san gaba da baya ba: yadda take sauko da dubban bolt zuwa 220, haka za ta ɗaga 220 ɗinku zuwa dubbai ta tura wa ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara, wanda ya tabbata an kashe layi. Idan kuma wutar NIGELEC ta dawo ta tarar da ta gurup a waya ɗaya ba su daidaita ba, gurup ɗin ne zai ƙone, wataƙila da kayan shago. Ita ma wayar mai ƙafafu a kai biyu haɗari ce, domin da an soka kai ɗaya, ɗayan ya zama tsirarar wuta a hannun yaro.

Anbarsar makunni ne mai mazauni uku: ɗaya wutar gari, sifiri a tsakiya, biyu gurup. An ƙera shi ta yadda hannu ba zai iya kaiwa biyu ba sai ya saki ɗaya, saboda haka mantuwa ba ta da ƙofar shiga. A sayi wanda ke yanke har da wayar dawowa, wato mai ƙafa biyu ga wuta mai faz ɗaya, mai ƙafa huɗu ga mai faz uku. Shi anbarsar yana cikin dangin da ake kira makunnin lodi: an yi shi don ya kunna ya kashe yayin da kuran ke gudana, ba tare da bakinsa ya ƙone ba, amma ba shi da fallen zafi ba shi da maganaɗisu, don haka ba ya faɗuwa da kansa komai ya faru. Umarnin hannu yake bi. Ke nan yana buƙatar disjonktar ta ɓangaren gari da wani ta ɓangaren gurup daidai ƙarfin gurup ɗin. Idan shagon yana da injuna masu yawa, a duba a ga an rubuta AC-23 a jikinsa, wanda shi ne ajin da ke jure kashe injuna. AC-22 na gaurayen lodi ne na yau da kullum. Tsohon makunnin nan mai kama da wuƙa, wanda ƙarfensa ke a buɗe, ina roƙon a rabu da shi. Kuma ko da anbarsar, a fara tayar da gurup ya daidaita, sannan a juya, sannan a kunna firiza ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya daga wani ɗalibin makarantar koyon sana'a, Yamai: Malam, a aji an koya mana seksiyonar da antaruptar da disjonktar, amma ni dai ina ganin duka yanke wuta suke yi. Me ya sa ake cewa kada a buɗe seksiyonar da lodi?

Amsa: Ɗana, tambayarka ta nuna kana tunani a kan abin da ake koya maka. Amsar tana cikin abin da ke faruwa a daidai lokacin da ƙarfe biyu masu ɗauke da kuran suka rabu. Kuran ba ya yarda ya tsaya haka kawai. Yakan tsallaka ta cikin iskar da ke tsakaninsu ya zama harshen wuta mai zafin dubban digiri, irin wanda mai walda ke narka ƙarfe da shi. Bambancin na'urorin uku shi ne gwargwadon harshen da kowanne zai iya kashewa. Seksiyonar ba shi da abin kashe harshe ko kaɗan, aikinsa ya buɗe tazara mai faɗi wadda ido zai gani, ma'aikaci ya sa kwaɗo ya samu natsuwar taɓa waya. Idan aka buɗe shi kuran na gudana, harshen zai biyo wuƙar, ya tsallaka zuwa faz na kusa, ya ƙone fuskar mai buɗewa. Antaruptar, wato makunnin lodi, yana da sifirin da ke raba baki da sauri ko da hannun mutum ya yi sanyi, kuma yana kashe harshen kuran na yau da kullum. Disjonktar ne kaɗai ke iya kashe harshen kur-sirki, kuma da kansa. Idan ka fasa tsohon disjonktar na gida za ka ga jerin ƙananan faranta na ƙarfe kamar matsefi. Can ake kora harshen a yayyanka shi gutsi-gutsi ya huce. Lambar da ke cikin ɗan murabba'i a fuskarsa, 4500 ko 6000, ita ce iyakar ampar ɗin da zai iya kashewa bai fashe ba. A nan ne jabun kaya suke cin amana, domin a waje ba su da bambanci da na gaske, a ciki kuma wasu ba su da wannan matsefi. Ka saba da ɗaga disjonktar a tafin hannu, wanda ya cika rashin nauyi ka yi shakkarsa.

A manyan tashoshi, kamar inda layin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi yake sauka Yamai, ko tashar Gorou Banda da aka buɗe a 2017, iska ba ta isa kashe harshe a ƙaramin wuri ba, saboda haka irin waɗannan disjonktar sukan raba baki ne a cikin iskar gas mai suna SF6, a matsakaitan layuka kuma a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska gaba ɗaya. Can disjonktar ba ya yanke hukunci da kansa. Wata na'ura ce ke aunawa ta ba shi umarni. Ana kuma tsara su hawa-hawa ta yadda wanda ya fi kusa da matsala shi zai fara faɗuwa, don kada lahani a unguwa ɗaya ya jefa birni duka cikin duhu, kuma wannan tsari ne ya kamata ka kwaikwaya ko a akwatin gida. Wasu ana sa su mayar da kansu bayan ɗan lokaci, domin yawancin matsalolin layin sama, kamar reshen da guguwar damina ta kaɗa ya taɓa waya, masu wucewa ne. Abin da nake so ya zauna maka shi ne jerin aiki: wajen kashewa, disjonktar ne farko sannan seksiyonar, wajen kunnawa, seksiyonar ne farko sannan disjonktar. Bayan ka raba, ka sa kwaɗo ka riƙe makullin a aljihunka, ka tabbatar layin da ka kashe shi ne wanda za ka taɓa, ka gwada da na'ura ka ga babu wuta, sannan ka haɗa wayoyin da ƙasa.

Tambaya daga wani mai lambun albasa, Tawa: Malam, na sa fano guda goma na hasken rana don famfon ban-ruwa. Mai haɗawa ya sa disjonktar irin na gida tsakanin fano da akwatin famfo. Ranar da na kashe shi da tsakar rana sai ya yi ƙara, hayaƙi ya fito, ya narke. Lodi ne ya yi yawa?

Amsa: Malam, Allah Ya ba da yabanya mai albarka. Ba lodi ba ne, an sa na'ura ne a inda ba wurinta ba. Wutar gari tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, wato tana ratsa sifiri sau 100, kuma a wannan ɗan numfashi ne disjonktar na gida ke samun damar kashe harshen. Wutar fano kuwa miƙaƙƙiya ce, hanya ɗaya take bi ba ta sauka sifiri, saboda haka harshen idan ya kama sai ya ci gaba da ci har ya cinye robar. Fano ɗaya na zamani yakan ba da bolt 40 zuwa 50 idan ba a ɗora masa komai ba, goma a jere sun haura 400 ke nan. Tun da aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, jama'ar yankinku suna ta ƙara rungumar wannan hanya, abin farin ciki ne, amma kayan kariyarta daban suke da na gida.

Ka nemi makunnin lodi ko disjonktar da aka rubuta wa DC ƙarara, wato na miƙaƙƙiyar wuta, wanda lambar bolt ɗinsa ta fi ta jimlar fanonka, kamar 600 ko 1000. Da yawansu suna da alamar tarawa da ta ɗebewa a bakin waya, kuma idan aka juya su ba za su kashe harshe ba, domin akwai ɗan maganaɗisu a ciki da ke kora shi ɓangare guda. Ka sani kuma cewa fano ko an haɗa wayoyinsa kai tsaye, kuran da zai bayar kaɗan ya ɗara na aikinsa, don haka a jere guda ɗaya abin da ka fi buƙata shi ne makunni mai iya yankewa lafiya. Batir ne ke da ƙarfin zuba ɗaruruwan ampar cikin daƙiƙa, saboda haka idan ka ƙara batir nan gaba, a sa masa fizibil na DC dab da kansa. Duk lokacin da za a yi gyara, a fara tsayar da famfo daga akwatinsa, sannan a kashe makunnin DC, kuma kada a zare mahaɗin wayoyin fano famfo na aiki. Ko bayan an kashe, wayoyin da ke fitowa daga fano suna nan da wutarsu muddin rana na sama, don haka aikin da ya shafe su a bar shi sai bayan magariba ko kafin fitowar rana.